Gidan kimiyya da yara ke taɓa kaya da hannu: akwai shi a Accra, kuma ya ci kuɗin motarsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Nima, ina kuma taimakawa a makarantar Asabar da Lahadi ta unguwarmu. Yarona ɗan JHS 1, ajin farko na ƙaramar sakandare, ya nuna min wani bidiyo a waya, wani gidan kimiyya ne a ƙasar waje, yara sai danne-danne suke suna juya injina, wata yarinya ma ta dafa wani ƙarfe gashinta ya miƙe tsaye. Tun ranar ya hana ni sakat wai sai na kai shi. Mu matan makaranta muna tunanin mu haɗa kuɗi mu ɗauki mota mu kai yaran gaba ɗaya in an yi hutu. Dan Allah akwai irin wannan wurin a Accra? Kuma da gaske suna koyon wani abu ko wasa ne kawai za mu je mu biya wa kuɗi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri ke da sauran iyayen, ya raya mana zuri'a. Tambayarki in na fahimta biyu ce a haɗe, ina za a je, sannan in an je ɗin me za a dawo da shi. Ni malamin kimiyya ne a JHS, na daɗe ina fama da yara masu shekarun ɗanki a aji da wajen aji, toh da wannan idon zan amsa miki. A taƙaice dai, akwai wuraren zuwa a Accra da kewayenta, amma kar ki sa wa yaron rai cewa zai ga irin ƙaton ɗakin da ya gani a bidiyo. Ita kuwa maganar koyo, gaskiya rabinta ba a hannun gidan take ba, a hannun babban da ya rako yaron take, kuma nan ne zan fi daɗewa don nan ne kuɗinku zai ci riba ko ya tafi a banza.

Daga ina wannan salon ya fito

Gidan tarihi na asali kin san yadda yake, kaya a cikin gilashi, ƙaramar takarda a gefe, mai gadi na binki da ido, doka ta farko ita ce kar a taɓa. Gidajen kimiyya ma da haka suka fara, tsofaffin injina da ma'aunai a jere. A Jamus ne wani injiniyan lantarki, Oskar von Miller, ya kafa Deutsches Museum a birnin Munich a 1903, ya dage cewa injin da aka ajiye ya riƙa motsi, baƙo ya danna maɓalli ko ya juya hannu ya ga abun yana aiki. Gidan kimiyya na Landan ya buɗe sashen yara a 1931. Amma wanda ya juya abun gaba ɗaya shi ne Frank Oppenheimer, masanin fiziks a Amurka wanda ya taɓa koyarwa a sakandare, ya buɗe Exploratorium a San Francisco a 1969. Shi nasa ba kayan tarihi ya tara ba ma, kayan gwaji ne aka ƙera da katako da ƙarfe da madubi, kuma wurin ƙirar a buɗe yake baƙi na kallon masu aikin. Yawancin gidajen da ake gani a bidiyo yanzu hanyarsa suka bi, har da Sci-Bono da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu.

Dalilin kuwa ke ma kin san shi tun daga madafi. Ba yarinyar da ta taɓa iya tuƙin tuwo da kallo ko da karanta bayani, sai ranar da ta riƙe muciya ta ji yadda tukunya ke ƙara nauyi a hannunta in gari ya fara kamawa. Akwai sanin da ta hannu kawai yake shiga. Ƙarfi, nauyi, zafi, jan maganaɗisu, duk irinsa ne, kuma su ne yaranmu ke haddacewa a littafi ba tare da sun taɓa jin su a jiki ba.

Abun da muke da shi a nan

Na farko, Accra na da gidan kimiyya da fasaha na gwamnati, Museum of Science and Technology, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Ghana Museums and Monuments Board. An buɗe shi tun 1965 zamanin Nkrumah. Yana wajen Barnes Road, kusa da Accra Technical University, ba nisa da National Museum wanda shi aka buɗe a Maris 1957 ana gobe samun 'yanci. Daga Nima kam ba wata tafiya ba ce. Babban gininsa ya yi shekaru masu yawa ba a kammala ba, kuma a tsakanin 2015 da 2017 ɗaliban zane na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sun yi manyan baje koli a cikinsa, shi ya sa za ki ji wasu sun san wurin da hotuna da sassaƙa ba da kimiyya ba. Ki ɗauke shi a matsayin gidan kallo da sauraron bayani, in an samu abun taɓawa ya zama ƙari. Kuma tunda gidajen biyu kusa suke, mota ɗaya za ta iya haɗa muku su.

Na biyu shi ne Ghana Planetarium da Dakta Jacob Ashong ya kafa, aka buɗe a Cantonments a 2009. Wannan ɗaki ne mai rufin ƙubba, a kashe fitila a haska sararin samaniya a jikin rufin, yara na zaune suna ganin taurari da wata da duniyoyi suna tafiya. Ga yaran makaranta irin naku ni wannan na fi so, don tambayoyin da ke cikinsa nasu ne tuntuni. Me ya sa wata ke yin kwana 29 ko 30, me ya sa azumi ke matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, me ya sa ake neman jinjirin wata a yamma bayan magariba ba a gabas ba. Ku manya kuma za ku tuna safiyar 29 ga Maris 2006 da rana ta yi kusufi a Accra gari ya yi duhu da hantsi, masallatai suka cika, toh yaran nan ba a haife su ba, labari kawai suke ji. Irin wannan wurin da alƙawari yake aiki, a nemi lambarsu a tambaya ko har yanzu suna yi, da inda suke yin shirin da ranakun da suke karɓar ƙungiya.

Na uku ya ɗan fita gari. A Kuntunse, kan hanyar Nsawam, akwai ƙaton faranti mai faɗin mita 32, da can na sadarwar tarho ne, injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka mai da shi na'urar sauraron sararin samaniya aka ƙaddamar a Agusta 2017. Yana ƙarƙashin cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta hukumar makamashin atom da ke Kwabenya. Wurin aiki ne ba wurin yawon buɗe ido ba, sai an rubuta takarda an samu izini. A shekarar dai, 2017, ɗaliban All Nations University ta Koforidua suka ga tauraronsu GhanaSat-1 ya shiga sama, ɗan akwati ne mai nauyin kilo 1 kacal. Ina faɗa wa yara wannan ne da gangan, don da yawansu sun ɗauka duk abun da ya shafi sama sai bature.

In kuma kuɗin ya kai, Akosombo. Madatsar da aka gama a 1965, injina 6 da ruwa ke juyawa, VRA, hukumar da ke kula da madatsar, na karɓar baƙi da tsari. Yaron da ya girma da dumsor, yawan ɗauke wutar nan, ya tsaya a kan madatsar nan ya ga inda wutar ke fitowa, ba ya mantawa. Sai dai tafiya ce ta yini guda, ban ba ku shawarar ta zama ta farko ba.

Kuɗin shiga da lokacin buɗewa suna canzawa, don haka kar ku dogara da abun da wani ya rubuta a intanet shekaru uku da suka wuce. Mutum ɗaya ya je da ƙafarsa kafin ranar, ya ga abun da ke aiki, ya tambayi farashin ƙungiyar yara, ya tambayi ko za a ba ku mai bayani. Ɗan kuɗin trotro ɗin nan shi ne kuɗi mafi amfani da za ku kashe a tafiyar baki ɗaya.

Wasa ne ko karatu

Toh ga inda maganar take. In kika saki yara a ɗakin da ke cike da maɓallai ga abun da zai faru, kuma na gani ba sau ɗaya ba a wuraren baje kolin kimiyya da na raka ɗalibai. Su ruga, wannan ya danna nan fitila ta kama ya yi ihu ya wuce, ya juya wancan ya wuce, kafin rabin awa sun gama ɗakin suna tambayar abinci. A mota in ka ce me kuka gani sai su ce ya yi daɗi. Shikenan. Sun yi nishaɗi, ba laifi ba ne, amma wannan tsoron naki ne ya tabbata, wasa aka biya wa kuɗi.

Abun da ke raba wasa da karatu tambaya ɗaya ce, kuma sai an yi ta kafin hannun yaro ya kai ga abun: me kake ganin zai faru? A bar shi ya faɗa da bakinsa, ko daidai ko kuskure. Sannan ya taɓa. In abun ya zo yadda ya ce, ya ji daɗi ya riƙe. In ya saɓa, toh nan ne ma aka yi riba, don yanzu akwai abun da ya tsaya masa a rai, ba zai iya wucewa kawai ba. Yaron da bai yi hasashe ba babu abun da zai ba shi mamaki, duk abun da ya faru daidai ne a wurinsa.

Bari in nuna miki da abu ɗaya, janaretan hannu, wanda kusan kowane gidan kimiyya ke da shi, ni ma ina da ƙarami da nake shiga aji da shi. Ɗan inji ne da hannun juyawa, waya ta fito ta tafi ga ƙwan fitila, da makunni a tsakani. Sai in sa yaro ya juya makunni a kashe, hannun na tafiya sumul. In ce masa, in na kunna fitilar juyin zai yi sauƙi, zai yi nauyi, ko ba zai canza ba? Mafi yawansu cewa suke ba zai canza ba, wai meye haɗin fitila da hannuna. Sai in kunna yana tsaka da juyawa. Wallahi fuskar yaro a daidai lokacin nan ita ce albashina, hannun ya yi tauri nan take, kafaɗarsa ta shiga aiki, ya kalle ni kamar na riƙe wani abu a ɓoye. Akwai wata yarinya da ta ce sai na matsa gefe na ɗaga hannuwana sama ta kunna da kanta, ta kunna ta kashe, ta kunna ta kashe, sannan ta ce Malam ashe ƙarfina ne ke zama hasken. Wannan jimlar ita ce darasin makamashi gaba ɗaya, wanda a littafi shafuka ne. Abun da ke faruwa shi ne, in waya ta juya a cikin maganaɗisu lantarki na samuwa, Michael Faraday ya gano haka a 1831, kuma da zarar lantarkin ya samu hanyar gudu ta cikin fitila sai shi ma ya haifar da nasa jan da ke turjiya ga juyin. Wuta ba kyauta take zuwa ba, dole wani abu ya yi wahala. A Akosombo ruwa ne ke yin wahalar, a janaretan mai shago fetur ne. Sai kuma in cire ƙwai mai zare irin na da in sa na LED, juyin ya yi sauƙi sosai hasken kuma bai ragu ba, don ƙwan LED na wat 9 na ba da hasken da tsohon ƙwai ke cin wat 60 ya bayar. Daga nan ba sai na yi wa'azin kashe fitila ba, yaron da ke ganin uwarsa na sayen kiredit ɗin mita ya gane da kansa.

Kinga duk wannan a kan abu ɗaya ne, kuma zai ci minti 15 ko fi. Shi ya sa nake ce wa iyaye gara yaro ya tsaya a abu uku ya wahalar da su da tambaya, da ya taɓa hamsin. Kuma ba sai kin san kimiyya ba Hajiya, wannan ina so matan makaranta su ji da kyau don na san wata za ta ce ni ban yi boko ba. Tambayoyin ba sa buƙatar boko. Me kake ganin zai faru, me ya faru, in ka canza kaza fa? In yaron ya juyo ya ce Mma me ya sa, ki ce mu tambayi mai bayani, ko rubuta mu kai wa malaminku. Abun da ba na so shi ne babba ya tsaya yana karanta wa yaro takardar bayani tun kafin ya taɓa, an ba shi amsar tambayar da bai yi ba. Kuma a bar su su yi ta da Hausa, da Twi, da duk harshen da ya zo bakinsu. Turancin jarrabawa zai zo daga baya ya hau kan abun da aka riga aka gane.

Maganar gashin da ya miƙe

Tunda wannan ne ya ɗauki hankalin ɗanki bari in yi masa bayani. Injin sunansa Van de Graaff, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi a 1929. A cikinsa bel ne na roba ke zagayawa yana kwasar caji yana tarawa a kan ƙwallon ƙarfen da ke sama. Yarinyar na tsaye a kan abun roba ko busasshen katako don kar cajin ya zube ƙasa, ta dafa ƙwallon, cajin ya bazu a jikinta har kowane silin gashi, kuma da yake caji iri ɗaya korar juna yake sai kowane sili ya guje wa ɗan'uwansa. Shi ne miƙewar.

Abu biyu ki sani. Na ɗaya, injin nan ba ya shiri da laima, iska mai danshi na sace cajin kafin ya taru, Accra kuwa bakin teku ce. Lokacinsa hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, lokacin da kike cire mayafi a duhu ki ji ƙas-ƙas har ki ga ɗan tartsatsi, ko ƙofar mota ta ɗan ja ki. Abu ɗaya ne da na injin. Na biyu, gashin yaranmu a aske yake ko a kitse, 'yan matanmu kuma da hijabi, ba wanda zai ce su cire. Ba asara, ana ɗora siraran takarda ko a riƙe ɗan tufkar zare a hannu, su ma haka za su baje. In kun samu injin a wani wuri ki roƙi mai bayani ya yi musu haka. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kar ya kusance shi. Kuma dan Allah a gaya wa yara da babbar murya cewa wannan ba irin wutar soket ba ce. Injin na iya tara volt dubu ɗari amma abun da ke gudana ƙanƙane ne ƙwarai, ita kuwa ta bango volt 230 ce kawai amma tana kisa. Yaro na iya dawowa gida da tunanin ai na taɓa wuta ba ta yi min komai ba, wannan shi ne haɗari ɗaya da nake tsoro a irin tafiyar nan.

Wani abun ma da za su gani a bidiyoyin waje shi ne dogon lilo mai ƙwallon ƙarfe da ke nuna duniya na juyawa, wanda Léon Foucault ya rataya a Paris a 1851. A can yana kammala zagaye cikin kusan awa 32, ana ganin canjin kafin a bar ɗakin. A Accra da muke kusan digiri 5 da rabi daga layin da ya raba duniya arewa da kudu sai ya yi sama da kwana 10, don haka ba kowane abun burgewa na can ne zai burge a nan ba. Mu ma muna da namu da su ba su da shi, zan zo kansa.

Shirin tafiyar

A raba yaran ƙungiya-ƙungiya, babba ɗaya da yara biyar ko shida, kuma kar a haɗa ɗan shekara 6 da ɗan JHS a ƙungiya ɗaya don babban zai ƙwace komai ƙaramin ya zama ɗan kallo. Ki lura da 'yan mata musamman, na sha ganin maza sun mamaye inji su kuma sun koma baya suna riƙe jakunkuna, in ya kama a ba su ƙungiyarsu daban. Ku je da safe, awa biyu a ciki ta isa, bayan haka yunwa ce ke magana. A ci waakye ko koko da ƙosai kafin a tashi, a ɗauki ruwa, a san inda za a yi azahar. Izinin iyaye a karɓe shi a rubuce da lambar waya, in kuma da sunan makarantar boko za a yi tafiyar toh shugaban makarantar ya san sai an nemi izinin ofishin ilimi. Kowane yaro ya riƙe ɗan littafi da fensir, ba don ya kwafi bayanin bango ba, ya zana abu ɗaya da ya ba shi mamaki ya rubuta tambaya ɗaya da bai samu amsarta ba. Wayoyi kuwa a bari sai ƙarshe, in aka fara da hoto an gama.

In kun je kun tarar da abun taɓawa kaɗan ne

Wannan na iya faruwa, kuma ba dalilin fasa tafiya ba ne. Kayan taɓawa lalacewa suke da sauri, hannu ɗari a rana, ƙura, danshi, ga kuɗin gyara, ko manyan gidajen waje da ma'aikatan gyara na dindindin suke rayuwa. Toh sai ku cike gurbin da kanku a farfajiyar makaranta Asabar mai zuwa, ƙwaƙwalwarsu na ɗumi.

Gwangwanin Milo, a huda ɗan ƙaramin rami da ƙusa a gindinsa, a rufe bakin da farar leda mai shara-shara a ɗaure da roba, yaro ya lulluɓe kansa da zane ya nufi ƙofa mai haske da ramin. Zai ga hoton waje a jikin ledar, a kife, mutane na tafiya kai ƙasa. A tambaye su tukuna, hoton zai fito daidai ko yaya? Dalilin kifewar shi ne haske a miƙe yake tafiya, na sama ya ratsa ramin ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Wanda ya yi wa wannan cikakken bayani tun wajen shekara 1000 da suka wuce shi ne Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, kuma yana da kyau yaran makaranta su san sunansa. Lemu da tocila a ɗaki mai duhu kuma sun isa nuna yadda wata ke cika yana raguwa, yaro ya riƙe lemun ya juya a hankali tocila na gefe guda.

Ga kuma namu da na ce. A kafa sanda a miƙe a fili a riƙa sa alama a bakin inuwarta. Wajen farkon Afrilu da farkon Satumba rana na bi ta daidai saman kan Accra, da tsakar rana inuwar sandar ta ɓace ƙarƙashinta, abun da ba ya taɓa faruwa a Landan ko Munich. Da sandar dai za su iya duba alƙibla. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin 9:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 9:27, rana na daidai saman Ka'aba, duk wanda ya fuskanci inda rana take a lokacin ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar kuma na nuna bayansa. A duba inuwa fa, kar a kalli rana. Limamin unguwa ma zai so ya tsaya a wannan.

Kar kuma ku raina garejin unguwa. Bakanike ɗaya mai haƙuri ya buɗe wa yara gaban mota ya nuna musu bel da batir da inda caji ke fitowa, janaretan nan ne dai na ɗazu a wata siffa. 'Yan'uwanmu na Aboabo da Asawase a Kumasi ma sun fi mu sa'a a nan, Suame Magazine, babbar unguwar garejoji, na gefensu. A Kumasi ɗin ne kuma wasu tsofaffin ɗaliban KNUST suka kafa Dext Technology masu yin Science Set, ɗan akwati kamar girman littafi da kayan haɗa lantarki a ciki. In kuɗin da kuka haɗa ya yi saura, guda biyu ko uku a ajiye a makaranta za su daɗe suna aiki bayan an manta da tafiyar.

Iyakar abun

Tafiya ɗaya ba za ta ci wa ɗanki BECE, jarrabawar gama JHS, ba, wannan aikin aji ne da maimaici da tsofaffin tambayoyi, kuma ni malamin aji ne ba ma'aikacin gidan tarihi ba, abun da ke cikin ɗakunansu a wannan watan su za su faɗa miki. Akwai kuma yaron da za a kai ko'ina ya dawo ba abun da ya dame shi sai ƙwallo, ba komai, ba kowa zai zama injiniya ba. Abun da na gani dai a ajina shi ne wanda ya taɓa juya abu da hannunsa, in muka zo darasin a littafi ba baƙo ba ne a wurinsa, yana da inda zai rataya sababbin kalmomin.

In da ni ne ke tsara muku, zan fara da Barnes Road a safiya ɗaya, gidajen biyu, sannan a nemi ranar kallon taurari daban, Kuntunse da Akosombo a bar wa manyan yara wani hutun. Shi kuma mai bidiyo ki ba shi aiki tun yanzu, shi zai tara gwangwanayen Milo ya huda su, kuma shi zai riƙe littafin tambayoyin ƙungiyarsu. In kun sa rana ki sanar da ni a nan, in ban da aji zan zo da janaretan.